Tarin Karen Baba

Dogon hutun makaranta na wannan shekarar a gidanmu na yi shi, a ƙauyenmu da ke kudu da Doguwa, inda gonaki suke ƙarewa duwatsu da daji su fara. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, can nake aure. Yarana sun tafi wajen kakarsu a Ƙofa, maigidana kuma ya ce tunda gida ya yi shiru, in je in kwana biyu da tsofaffina. Na iso ana tsakiyar damina. Masara ta yi goyo, ciyawa ta rufe hanyoyin ƙafa, kusan kullum da la'asar sai hadari ya taso daga bayan duwatsu.

Baba manomi ne, masara da dankalin Turawa yake yi, da ɗan rake a fadama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana tun ina ƙarama. A 'yan shekarun nan jinsa ya ragu ƙwarai, amma a gidanmu ba a faɗar haka. Idan kana gabansa bakinka yake kallo, ya kama abin da ya kama. Idan ta baya ka zo, sai ka taɓa shi kafin ya san da kai. Inna ta koma ɗaga murya kamar da ma can haka take magana, mu ma muka bi sahunta. Duk abin da bai ji ba sai ya ce madalla ya yi murmushi, ko da kuwa labarin rashin lafiyar wani ake ba shi.

Yana da kare ɗaya, ja mai farin ƙirji, wanda wani abokinsa Bafulatani ya ba shi tun yana ɗan kwikwiyo. Bai sa masa suna ba, hannu yake tafa masa ya zo. Karen ba ya shiga gida. A ƙarƙashin wata rumfar kara da ke gefen zaure yake kwana, da fasasshen kasko na ruwa a gabansa. Aikinsa a gona yake. Gonarmu ce ta ƙarshe kafin daji, kuma da zarar masara ta fara ƙosawa sai birai su sauko. Baba ba ya jin ƙarar karyewar kara, ba ya jin haushi sai kaɗan, saboda haka kunnuwan karen yake kallo. In sun miƙe sun juya gabas, sai ya ɗauki majajjawarsa ya nufi gabas.

Ni dai ba mai son kare ba ce. In na zo wucewa ta gabansa tattare zanena nake yi. Shi ma ya san haka, ba ya matsowa kusa da ni.

Wata safiya ina sharar ƙofar gida na ji tari a bayana. Na ɗauka wani tsoho ne ya zo gaida Baba, har na gyara mayafi. Da na juya ba kowa sai karen. Ya miƙar da wuya ƙasa, yana wani busasshen tari kamar wanda ƙaiƙayi ya shige wa maƙogwaro. Daga ƙarshe ya yi kakari kamar zai yi amai, ba abin da ya fito sai 'yar kumfa. Ya lashe baki, ya koma ya kwanta.

Na shiga na tarar da Inna tana dama koko, na gaya mata.

Ta ce, "Ai tun da ruwa ya zauna nake jin sa. Na faɗa wa Malam, ya ce karensa lafiyarsa ƙalau."

"To ko in sake yi masa maganar?"

Ta ci gaba da damunta, can ta ce, "Kin san halin babanku. In kika ce kare yana tari, kin ce masa bai ji ba ke nan. Ki bi a hankali."

Tun da na zo ni na karɓi kai wa Baba abinci gona, don ina son tafiyar. Ana bi ta gefen fadama, a tsallake wani ɗan rafi ta kan duwatsu, sannan a hau tudu. Ran nan da na ajiye masa kwano a 'yar bukkarsa, na zauna a gabansa yadda zai ga bakina, na ce, "Baba, kamar karen nan yana ɗan tari."

Ya dubi karen, ya dube ni. "Ciyawa yake ci, Uwata. Duk kare yana haka da damina, wanke ciki yake."

Amma daga ranar na sa wa karen ido. Aikin koyarwa ya saba mini da wannan. A aji, kafin yaro ya ce ba shi da lafiya, ana gane shi a lokacin tara, in sauran suna guje-guje shi ya nemi gindin bishiya ya zauna. Haka na riƙa kallon karen. Na lura tarin ya fi taso masa in ya yi gudu ko ya yi haushi. In ya hau tudun nan na bayan rafi, sai ya daɗe yana haki, cikinsa yana shiga yana fita, alhali ko rana ba a yi. Tuwon da Inna take zuba masa da safe, wanda ta ce da can kafin ta juya ya lashe, yanzu rabi yake ci ya bar wa kaji sauran. Haƙarƙarinsa sun fara bayyana, gashinsa ya daina sheƙi.

Akwai kuma abin da na gani ban ɗauke shi a bakin komai ba a lokacin. A bakin rafi dodon koɗi ya yi yawa a shekarar, manya da ƙanana, a kan duwatsu da jikin ciyawa. Karen yakan tsaya ya tura ɗaya da hanci, ya ɗauka ya taune shi kamar mai cin gyaɗa. Yakan bi kwaɗi ma. Da safe kuma in na duba kaskonsa, sai in ga sawun yauƙi yana ƙyalli a bakinsa, wani lokacin har da irin waɗanda ba su da ƙoƙo a baya, sun manne a gindin kaskon.

Ranar da Baba ya yarda, ina wurin. Bayan azahar ce, ya gama cin abinci muna zaune a bukka, sai karen ya miƙe kunnuwa. Ni ma na ji ƙarar kara daga can gefen daji. Karen ya zabura da gudu, Baba ya bi shi da majajjawa, na biyo su a baya. Bai kai rabin gonar ba ya tsaya cak. Ya ware ƙafafun gaba, ya sauke kai, tari ya turnuƙe shi. Yana son ya ci gaba, yana kallon inda biran suke, amma ƙafa ta ƙi. Muna gani wani ƙaton biri ya haye dutse da masara a baki da wata a hannu, ya zauna yana ɓarewa ba tare da wata gaggawa ba.

Baba bai ko jefa dutsen ba. Ya zo ya tsuguna a gaban karen. Jini yana ɗiga daga ƙofar hancin karen ɗaya, kaɗan-kaɗan, a kan ganyen wake. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan haƙarƙarin karen ya bar shi a wurin. Da tarin ya sake zuwa, na ga hannun yana girgiza tare da jikin.

Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya ce, "Tun yaushe?"

"Inna ta ce tun farkon damina."

Ya gyaɗa kai. Sai ya fara faɗa mini abin da shi ya gani, wanda mu ba mu gani ba. Ya ce kwanakin baya ƙaya ta yanki karen a ƙafa, ɗan yanka da bai kai a kula ba, amma ya wuni yana zubar da jini, sai da ya ɗaure masa da tsumma. Ya ce da can karen ne yake riga shi isa gona, ya dawo ya tarye shi a hanya, yanzu kuwa shi yake tsayawa jiran sa. Ya ɗaga leɓen karen ya nuna mini dasashinsa. Ya yi fari fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya.

"Da ja ne," in ji shi. "Na ce ko tsufa ne. To amma ai bai tsufa ba."

Da yamma maganar ta zama ta gida. Yayana, wanda yake sayen dankali yana kaiwa kasuwanni a babur, gidansa yana jikin namu. Da ya ji an ce kumfa da jini, sai ransa ya ɓaci. Ya ce ko dai wani ya ba shi guba, ko kuma haukan kare ne yake shigowa, ga yara suna wasa a ƙofar gida kullum. Shi a ganinsa a kai shi daji a gama da shi tun kafin a yi da-na-sani.

Baba ya kalli bakinsa har ya gama, sannan ya ce, "Ba ni da abokin gaba da zai ba karena guba, kada ka sa mini zargin maƙwabta. Mahaukacin kare kuwa na taɓa gani. Ba ya sanin mai shi. Wannan ya san ni, yana cin abinci, yana shan ruwa."

"Baba, yaran fa?"

"Gaskiyarka a nan. Zan ɗaure shi a bayan rumbu."

Wani maƙwabcinmu tsohon mafarauci ya zo ya duba, ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, a ɗura masa manja. Aka ɗura. Baba kuma ya jiƙa sassaƙen maɗaci ya ba shi, ko tsutsar ciki ce. Kwanaki suka wuce, tari yana nan, rama tana ƙaruwa.

Sai na tuna da likitan dabbobin da yake duba mana tumaki a Tudun Wada. Na hau kan tudun bayan gida inda waya take kamawa, na karɓi lambarsa wajen maigidana, na kira shi. Ina jin kunyar in ce a kan kare nake kira, amma shi ko a jikinsa. Ya yi ta jero mini tambayoyi. Ya ciji wani? Muryarsa ta sauya? Miyau yana dalala? An sa maganin ɓera a rumbu ko a gida? Akwai kaska a jikinsa? Na ce bai ciji kowa ba, Baba kuma ba ya sa maganin ɓera saboda kaji, kaska kuwa yana cire masa duk mako. Sai ya ce, "Malama, wurin da yake yawo akwai ruwa? Yana cin dodon koɗi ko kwaɗo?"

Sai na ga bakin rafin nan a idona. Na ce yana ci, na gani ba sau ɗaya ba.

Ya ce akwai abin da yake zato, amma ba zai faɗa da ƙarfi ba sai ya gani, domin cututtuka da yawa suna kawo tari da farin dasashi. Ya ce in ɗauki hoton karen mai motsi a waya lokacin da yake tarin, in kuma kawo masa kashinsa sabo, na safiya biyu ko uku, kada a bari ya bushe ko ya cuɗanya da ƙasa.

Da na faɗa a gida, Inna ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, "Ashe bokon naki har da ɗaukar kashin kare."

Baba bai yi dariya ba. Shi da kansa ya riƙa tashi da sassafe yana jira a bayan rumbu, ya kwashe da ganye ya zuba a wani gwangwani mai murfi. Na naɗe gwangwanin a leda, na sa a wata ledar, na ƙara wata. Yaya, duk da bai sauka daga ra'ayinsa ba, shi ya kai ni bakin titi a babur.

A cikin bas na ɗora ledar a cinya na riƙe da hannu biyu. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi ta satar kallonta. Da muka shiga dajin Falgore ta kasa haƙuri, ta ce, "'Yar nan, daddawa ce kika riƙe haka kamar ƙwai?"

Na ce, "Saƙo ne, Iya."

Ta ce Allah ya kai shi lafiya, na ce amin, na juya ina kallon itatuwa.

Asibitin dabbobin ɗakuna biyu ne da rumfa. Na tarar da wasu Fulani sun kawo maraƙi, na jira aka gama da su. Likitan matashi ne mai sanyin magana. Ya kalli hoton a wayata ya maimaita, ya kara a kunne ya saurari tarin. Sannan ya ɗebi abin da na kawo ya ƙulle a wani siririn ƙyalle, ya rataya shi cikin mazurari mai ruwan ɗumi. Ya ce sai ya kwana a haka, in da wani abu mai rai a ciki zai fito ya taru a ƙasa. Na tafi gidana na kwana. Maigidana ya yi ta tsokanata, wai an tura ni hutu na dawo da tsarabar kashin kare.

Washegari likitan ya ɗiga ruwan a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin da suke duba ƙwayoyin cuta, ya daɗe yana murɗawa. Can ya matsa ya ce in leƙa. Da farko haske kawai na gani. Da idona ya saba, sai ga wasu abubuwa kamar guntayen zare, farare, suna lanƙwashewa suna miƙewa a hankali.

Ya ce 'ya'yan tsutsar huhu ke nan. Iyayen suna zaune a jijiyoyin jinin da ke tsakanin zuciya da huhu. In sun yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sai su huda su shiga hanyar numfashi, shi ya sa kare yake tari. In ya yi tarin ya haɗiye su, su fita ta kashi. Dodon koɗi ya bi ta kan kashin ya ɗauka, su girma a jikinsa, wani karen ya ci shi, ko ya ci kwaɗon da ya ci shi, ko ya sha ruwan da ya bar yauƙinsa a ciki. Haka abin yake zagayawa. Ya ce tsutsar ce kuma take hana jini daskarewa, shi ya sa ƙaramin yanka yake wuni yana zuba, shi ya sa haɓo. Wani karen ma sai dai a ga ya yi sanyi, ko ya fara tangaɗi, ko ya faɗi yana shure-shure, mutane su ce hauka ne.

Na tambaye shi abin da ya fi damun Yaya. Ya ce tarin ba ya kama mutum, ba ya ma tsallakawa daga kare zuwa kare kai tsaye, amma a riƙa wanke hannu, a kuma binne kashin. Ya ƙara da cewa ba kasafai yake ganin irin wannan ba, wataƙila don mutanenmu ba sa kawo kare asibiti, in ya yi rashin lafiya sai dai ya warke da kansa ko ya mutu.

Ya ba ni wani farin magani na ruwa, ya nuna mini ma'aunin da za a riƙa ba shi kullum har kwalbar ta ƙare. Ya ja mini kunne a kan abu biyu. Kada a bar shi ya yi gudu ko kaɗan. Kuma kada mu tsorata in ya ƙara jin jiki a kwanakin farko, don mutuwar tsutsar ma tana wahalar da huhu, amma in numfashi ya yi nauyi sosai in kira shi. Ya ce ranar kasuwa yana zuwa wajen Doguwa duba shanu, zai biyo ya gan shi da idonsa.

Da na koma na zauna a gaban Baba na ba shi labari dalla-dalla. Da na zo kan dodon koɗi sai ya riƙe haɓa. Ya ce shekara da shekaru yana ganin karnuka suna ci, bai taɓa kawo komai a ransa ba. Yaya ya saurara daga bakin zaure, da yamma kuma sai ga shi da busasshen kifi a takarda, wai a riƙa sa wa a tuwon don karen ya yarda ya ci maganin.

Ɗaure karen ya bar Baba shi kaɗai a gona, a daidai lokacin da birai suka fi matsawa. Sai na koma tafiya tare da shi tun da hantsi. Ya rataya mini wata tsohuwar garwa a bakin bukka. In na ji motsi sai in buga garwar da sanda, in nuna masa wajen da hannu, shi kuma ya tafi da majajjawa. Ban kai karen iyawa ba. Sau da yawa iska ce take kaɗa kara in tashe shi a banza, wani lokacin kuma sai sun gama ɓarna nake ankara. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Tun ina yarinya ban zauna da Baba na tsawon lokaci irin wannan ba. Da yake ba ya jin amsa sosai, shi yake maganar ni ina saurare. Ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya sare wannan gonar, da shekarar da giwaye suka fito daga daji suka bi ta fadama. Wata rana ana yayyafi muna fake a bukka, yana gyaran igiyar majajjawa, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Kunnen nan ya tafi, Uwata."

Na matso inda zai gan ni na ce, "Mun sani, Baba."

"Na san kun sani. Innarku tana ihu kamar mai kiran shanu, tana zaton ban gane ba." Ya yi 'yar dariya. "Ruwan nan ma da yake sauka a kan bukka, ganin sa nake yi."

Daga nan ya koma kan igiyarsa, ni ma ban ja maganar ba.

Kamar yadda likitan ya faɗa, bayan an fara maganin karen ya ƙara kwantawa. Wata safiya ya ƙi ko kallon tuwon, yana kwance a gefe ɗaya, numfashinsa sama-sama. Ranar Baba bai je gona ba. Ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a inuwar rumbu, ya zauna yana jan carbi yana kore masa ƙuda. Na hau tudu na kira likitan, ya ce gobe ne kasuwa, a bar shi a inuwa, a sa masa ruwa kusa, kada a matsa masa da abinci.

Ya iso da hantsi a babur, takalmansa duk taɓo. Ya durƙusa ya gaida Baba. Tun a waya na gaya masa halin da ake ciki, don haka ya riƙa fuskantar sa yana magana a hankali. Ya duba idon karen da dasashinsa, ya yi masa allura, sannan ya sa abin sauraren ƙirji ya daɗe yana saurare ta kowane gefe. Baba yana bin hannunsa da kallo. Da ya gama sai ya cire abin daga kunnensa, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa wa Baba.

"Baba, gwada ka ji."

Baba ya yi kamar zai ƙi. Sai ya karɓa. Likitan ya gyara masa a kunne, ya ɗora ɗaya bakin a ƙirjin karen. Na ga girar Baba ta ɗaga.

Ya ce, "Akwai abu. Kamar ana taka busasshen ganye daga nesa."

"Shi ne ciwon. In ya warke, wannan ƙarar za ta ragu."

Baba bai cire ba sai da ya ƙara saurare. Ya matsar da abin da kansa zuwa wajen zuciya, ya ce wannan kuma ya ji ta sarai.

Inna ta kawo wa likitan fura, ya sha a zaure. Kafin ya tafi ya zagaya da mu bayan gida. Ya ce a jefar da fasasshen kaskon a samo kwano, a riƙa wanke shi kullum ana ɗora shi a kan dutse a busasshen wuri, kada a bar shi ya kwana a waje da ruwa a ciki. Da sassafe da bayan ruwan sama, lokacin da dodon koɗi yake fitowa, a riƙe karen a igiya in za a wuce rafi. In damina ta kama kuma a riƙa ba shi maganin tsutsa tun kafin a ga alama.

Sauƙin a hankali ya zo. Da farko ruwan kifin kawai yake lasa, daga baya ya koma cin tuwo. Haɓon bai sake dawowa ba. Kowace safiya Baba yakan ɗaga leɓensa ya kira ni in gani, har dasashin ya fara komawa ruwan hoda. Tarin ne ya fi daɗewa. Ni nake ba da rahotonsa, yanzu kuma Baba da kansa yake tambaya, "Yau kin ji shi?" In na ce sau ɗaya da safe, sai ya ce to, alhamdu lillahi.

Hutuna ya ƙare kafin karen ya koma gona. Yaya ya karɓi zaman bukka a ranakun da ba shi da kasuwa, sauran ranakun kuma Baba ya yi ta fama shi kaɗai. Layukan masarar da ke bakin daji dai birai suka cinye su, amma abin da ya saura ya cika rumbu. Inna ta gaya mini a waya cewa karen ya koma bin Baba, ya yi ƙiba, sai dai gudunsa bai dawo kamar da ba. In ya kori biri zuwa bakin dutse sai ya tsaya ya huta. Likitan da ma ya ce wani lokaci huhu yakan riƙe tabo.

Bayan an haƙe dankali, wata Asabar sai ga Baba a ƙofar gidana a Tudun Wada, da ɗan buhun dankali a kafaɗa. Rabon da ya zo garin an daɗe, don ba ya son shiga mota inda za a yi masa magana bai ji ba. Ya ce in raka shi wajen yaron nan likita. Muka je muka tarar ya fita ruga, muka zauna a rumfa muna jira har azahar ta gabato. Da ya dawo, Baba ya ajiye masa buhun, ya yi masa addu'a mai tsawo, shi da iyayensa. Likitan ya tambayi jikin karen, Baba ya ba shi amsa daidai, don yana kallon bakinsa.

Daga nan muka koma gida ya yi salla, ya ci abinci tare da maigidana, jikokinsa suka kewaye shi kowa yana son ya ba shi labari. Na roƙe shi ya kwana, ya ce a'a, gobe da sassafe za su fara yankan rake. Maigidana ya kai shi tasha, ya samo masa kujerar gaba, ya kuma gaya wa direban inda zai sauke shi.